Sharhi: Gadar da gishiri da motocin bas suka kusa kayarwa

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Yau za mu leƙa birnin Regensburg na jihar Bavariya a kudancin Jamus, inda wata gadar dutse ke tsaye a kan kogin Danube tun 1146. An fara gininta a 1135, tsawonta ya haura mita 300, kuma kusan shekara 800 ita kaɗai mutanen birnin ke da ita ta ƙetare kogin. Fatake sun bi ta kanta da kayansu, haka ma mayaƙan Salibiyya a 1147.

Ambaliya ta sha zuwa ta wuce. A watan Afrilun 1945, a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Jamus da kansu suka sa mata nakiya don tare dakarun Amurka, wani sashe ya rushe, aka gyara. Ɓarnar da ta fi wahalar magani ta zo ne a lokacin zaman lafiya. A da, duk hunturu ana watsa gishiri a kan titi don ƙanƙara ta narke, ruwan gishirin kuma yana tsiyaya cikin duwatsun yana cinsu ta ciki, ga nauyin motocin bas daga sama, safe da yamma. Magina na ƙarni na 12 kuwa nauyin amalanke da dawaki suka yi lissafi da shi.

An hana ƙananan motoci hawanta a 1997. Hukumar UNESCO ta sanya tsohon birnin cikin wuraren tarihi na duniya a 2006, amma sai a 2008 aka dakatar da bas da tasi. A ganina, nan mahukunta suka yi sake: lambar yabo tana rataye, motoci na ci gaba da niƙa abin da aka yaba. Gyaran da aka fara a 2010 bai kammala ba sai 2018.

Su ma mazauna unguwar Stadtamhof da ke tsallaken kogi suna da abin faɗa, kuma bai kamata a toshe kunne ba. Bas ɗin da ke kai su tsakiyar gari kai tsaye a da, yanzu sai ta zagaya, tsofaffi ne kuma suka fi jin jiki. An daɗe ana ja-in-ja kan gina wata gadar a kusa domin motocin, masu kare kayan tarihi suna cewa za ta ɓata fuskar tsohon birnin. A yanzu dai masu tafiya a ƙasa da masu keke ne ke hawa gadar dutsen.