Sandika Ba Ta da Kujera a Teburin Edita

Salamu alaikum jama'ar Maradi. Duk sanda wata jarida ta buga labarin da ya sosa wa mutane rai, sai ka ji a fada, ana cikin shan shayi, wani ya ce: "Ina sandikar ƴan jarida, ƙungiyarsu ta ƙwadago? Me ya hana ta sa a cire shi?"

Ku dubi teburin edita a gidan jarida. Nan ake taron safe. Wakili ya kawo labari, babban edita ya tace, daraktan jarida ya ba da izinin bugawa, kuma shi doka ke fara nema in an kai ƙara. Ku ƙirga kujerun. Babu ta sandika.

To ta ina take shiga? Ta wurin wakili, wancan da ke riƙe da biro.

A 1971, a birnin Munik na Jamus, ƙungiyoyin ƴan jaridar Turai suka amince da wata takarda mai wajibai 10 da haƙƙoƙi 5. Haƙƙi na uku ya hana a tilasta wa ɗan jarida rubuta abin da ya saɓa wa imaninsa da zuciyarsa. Nan ne ake yawan ruɗewa, saboda haka mu bi a hankali.

A ce wakili ya gano ana ɓoye gero a sito don farashi ya hau. Mai jarida ya ce masa: "Malam, cire sunan Alhaji, shi ya sayi shafin talla." Wakilin yana da ikon cewa: "Ranka ya daɗe, in an cire, a cire nawa sunan ma." Iyakarsa ke nan. Bai isa ya tsayar da injin buga jarida ba, sandika ma ba ta isa ba. Labarin zai iya fita yadda mai gida ke so. Aikin sandika yana farawa ne washegari, ranar da aka miƙa wa wakilin takardar kora. Ita za ta raka shi wurin sufeton aiki, in sulhu ya ƙi, a wuce kotu. Mai jaridar da ya san kora za ta ci masa kuɗi da lokaci, zai yi tunani kafin ya sake taɓa labarin wani. A Faransa ma tun 1935 doka ta ba ɗan jarida damar ajiye aiki da kuɗin sallama in jarida ta sauya alƙibla ta yadda mutuncinsa zai taɓu.

Sai haƙƙi na biyar, wanda a ganina shi ne uwa uba: albashin da zai riƙe mutum. Ga wakili a bayan kabu-kabu, wata uku ba a biya shi ba. A ƙarshen taron da ya je ɗauko labari, masu taron sun damƙa masa ambulan, jika biyar, "kuɗin mai". Wa zai iya rubuta laifin wanda ya biya masa kuɗin komawa gida? Don haka in kun ji sandika tana hayaniya kan yarjejeniyar albashi, ingancin labarin da kuke karantawa take karewa.

In kai aka yi wa ƙarya a jarida, kada ka ɓata lokaci a ofishin sandika. Dokar ƴancin jarida ta 2010 ta ba ka haƙƙin mayar da martani. Rubuta wa daraktan jaridar, ka faɗi kwanan wata, da shafi, da jimlar da ba daidai ba, ka haɗa da hujjarka. Ka sa a buga maka hatimin karɓa a kan kwafi guda, ka tafi da shi gida.