Mota Mai Ɗakin Kwana a Turai: Ka Biya Kuɗi, To Ina Lamba?

[Hoto: farar Fiat Ducato, ana zuge ƙofar gefe]

Assalamu alaikum mutanen Sakkwato da duk masu kallo. Ga motar nan da bidiyonta ke ta yawo a WhatsApp: gado a baya, murhun gas, ɗan firji, wurin wanke kwano, duk a cikin abin da bai fi bas ɗin haya da komai ba. Tun daga nan tambaya ɗaya ake ta turo mana: wanda ya samu bizar Turai zai iya sayen ta hannu, ya zaga da ita, ya sayar in zai dawo? Wani bawan Allah ma cewa ya yi, "ai in na biya, mota tawa ta." Taka ce, Alhaji. Hawa titi da ita ne magana.

Neman motar ba wuya. A Jamus ka buɗe shafin sayar da motoci na mobile.de ko AutoScout24, ga su nan birjik: Ducato, Ford Transit, Volkswagen Transporter. Kada nauyinta ya wuce kilo 3,500, don nan lasin ƙaramar mota ya tsaya. Lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa kuwa tun a gida ake yin sa.

[Hoto: hannu yana ɗaga katifa]

Mu nan zafi da ƙura muka sani, can danshi ne ke cinye mota. Ɗaga katifar ka shinshina. Danna kusurwar rufi da babban yatsa, musamman gefen taga. In ta lotsa, ruwa ya shiga katako, ka yi sallama ka wuce ko da injin na kuka lafiya.

Yanzu ku matso.

[Hoto: mai mota yana kwance lamba]

Kun ga abin da yake yi? Cire lambar yake. A gida in ka saya wurin dillali, ka karɓi makulli da takardu sai ka tayar, canjin suna ya biyo baya. A Jamus yawanci mai mota zai soke rajistarsa kafin ya miƙa maka ita, don kada tara da haraji su ci gaba da zuwa da sunansa. Ka biya, ga makulli a hannunka, amma motar ba ta da izinin motsawa, ko ajiye ta a bakin titi ba a yarda ba.

Sabuwar lamba tana da matakai, kuma ba a tsallake ɗaya. Da fari inshora: kamfani zai ba ka wata shaida mai haruffa da lambobi 7. Da ita za ka je ofishin rajista, riƙe da takardun motar guda biyu da shaidar cewa ta ci binciken lafiya, wanda ake sabuntawa duk shekara 2. A nan ma'aikacin zai ce ina shaidar wurin zamanka a Jamus. Kai kuwa baƙo ne, otal kake kwana. A daidai wannan tebur ɗin tafiyar mutane da yawa ke tsayawa cak.

To ina mafita? Dubi lambobin nan biyu.

[Hoto: lamba mai rawaya a gefe, lamba mai ja a gefe]

Mai rawaya kwana 5 take yi. Ta ɗauko mota daga wani gari zuwa wani ce, ba ta yawon wata biyu ba.

Mai ja ita ce ta fitar da mota daga ƙasar, baƙo na iya samunta da fasfo, kuma wa'adinta na iya kaiwa har shekara 1. Ranar ƙarewarta na nan a buge kan jan. Amma inshorar da ke tafiya da ita galibi ɓarnar da ka yi wa wani kawai take biya. In ka daki bango, ko aka sace motar, asararka ce. Ka kuma karanta jerin ƙasashen da ke cikin katin inshorar kafin ka nufi kan iyaka.

Hanya ta uku ita ce mutanenmu suka fi so: a sa sunan ɗan'uwa da ke zaune can. Tana aiki, amma ni ba na ba da shawararta haka kawai. Duk tarar gudu da kyamara ta ɗauka, gidansa za ta. In ba a gaya wa kamfanin inshora cewa kai ne direba ba, ranar da tsautsayi ya faɗa ɗan'uwan za a riƙe. Zumunci ya fi motar tsada. In dole ne, ku zauna ku rubuta komai, a sa sunanka cikin inshorar.

Akwai kuma kamfanonin da ke yin rajista da sunansu, su saye motar in ka gama. Karanta nawa za su biya ka a rubuce.

Sauran ƙasashe a gurguje. Ingila: takardar mallaka ta V5C ta gidan waya ake aiko ta, sai da adireshin can, inshorar baƙo kuma da tsada. Niyu Zilan ta fi sauƙi, da fasfo ake canja suna. Sai dai duka biyun sitiyarinsu a dama yake, mu kuwa tun 1972 muka koma hannun dama na titi, irin wannan motar ba ta shigowa Najeriya.

[Hoto: kalanda]

Bizar Shengen, wato bizar Turai da ake shiga Jamus da ita, kwana 90 ce cikin kowane 180. Neman mota zai ci wasu, sayarwa ta ci wasu. Ka ware aƙalla mako biyu na ƙarshe don sayarwa, kuma ka sani in sanyi ya kama masu saye kan ragu, farashi ya faɗi. Kada ka tura kafin alƙalami ga motar da idonka bai gani ba. Ranar da za ka sayar kuma, ka yi abin da mutumin can ya yi: ka soke rajista, ka karɓi takardar shaida, sannan ka miƙa makulli.