Sandar Awon Mai a Ƙaramin Jirgi: Yadda Ake Jan Layukanta

[Matuƙi a kan fiffike, yana zura sanda cikin tanki]

Kun ga bidiyon nan da ke yawo, ana ta mamaki wai matuƙin jirgi na auna mai da sanda kamar mai sayar da kananzir. Haka ake yi, kuma ni na yarda da shi. A jirage irin Cessna 172 da Piper Cherokee, man yana cikin fikafikai, tanki ɗaya a dama ɗaya a hagu, allurar mai da ke gaban matuƙi kuwa takan yi ƙarya.

To, ga inda ake kuskure. Mutum zai samo katako ya ja layuka a tazara iri ɗaya, ya ce kowane layi galan 5 ne. A'a! Tankin nan ba durom ba ne. Fiffike a ɗage yake ta wajen bakinsa, mai yana gangarawa ya taru kusa da jikin jirgi. A wasu jiragen sandar za ta fito a bushe alhali akwai saura a ciki.

[Famfon mai, hannu riƙe da alƙalami]

Ku duba da kyau. Jirgi ya tsaya a wuri mai shimfiɗa, tanki babu komai. A zuba galan 5, kusan lita 19. A dakata man ya kwanta. A zura sanda tsaye har ta taɓa ƙasa, a ja layi daidai inda ta jiƙe. A ƙara 5, a sake. Kun ga layukan? Wasu sun matse, wasu sun buɗe. Haka ya kamata su fito.

Sai a rubuta lambar jirgin a jikin sandar, don ba a aronta ga wani jirgi. A kuma cire man da injin ba ya iya zuƙa: Piper Archer, wani nau'in Cherokee, na ɗaukar galan 50, amma 48 ne ke amfani.

[Cikin jirgi, maɓallin sauya tanki]

Sauya tanki kuma, Cessna 172 na iya sha daga biyun a tare. Cherokee ba ya yi, sai ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa za ku ga agogon kicin manne a gaban matuƙi, yana ƙara duk bayan minti 30. A kunna famfon lantarki, a juya maɓalli, a duba allurar matsin mai.

Abin da ke ɗaga min hankali shi ne inda ake sa maɓallin. A ranar 12 ga Oktoban 1997 mawaƙi John Denver ya rasu yana tuƙa jirgin Long-EZ, ƙirar gida, a gaɓar Monterey ta Amurka. Wanda ya haɗa jirgin ya sa maɓallin a bayan kafaɗar hagu ta matuƙi. Masu bincike sun ce a ƙoƙarin juyawa ya kai hannu gare shi ne jirgin ya ƙwace masa.

[Hannu kan maɓalli, ba tare da matuƙi ya waiwaya ba]