Amsoshin Tambayoyinku: Yaushe Intanet Zai Iso Ƙauyenmu?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filinmu na Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙun wannan mako kusan duk a kan magana ɗaya suka taru, wato sabis da intanet a karkara, shi ya sa muka zaɓo guda uku da suka ɗauke sauran.

Ta farko daga wani manomi ce a kudancin jihar Katsina. Ya ce: "Kullum muna jin an kawo wa Najeriya manyan wayoyin intanet. To me ya sa mu har yau sai mun hau tudu kafin a ji muryarmu a waya?"

To Malam, an kawo ɗin da gaske. Wayoyin MainOne da Glo-1 sun iso a 2010, ta kamfanin Google mai suna Equiano ta iso a 2022. Sai dai ta ƙarƙashin teku suka biyo, kuma mafi yawansu a Legas suka sauka. Daga Legas zuwa garinku tafiyar ɗaruruwan kilomita ce, kuma kafin intanet mai ƙarfi ya zo sai an haƙa ƙasa an binne wayar faiba, wato wayar da ke ɗaukar intanet mai sauri, gari bayan gari. A nan gizo ke saƙa, domin gwamnatocin jihohi na karɓar kuɗi a kan kowace mita da aka haƙa. Tun a 2013 aka amince a riƙa karɓar naira 145, amma jihohi da dama suka ci gaba da karɓar dubbai. Ekiti, alal misali, naira 4,500 take karɓa kafin ta sauko a 2020. Ka lissafa da kanka: kilomita guda ya tashi naira miliyan huɗu da rabi maimakon dubu 145. Wane kamfani ne zai biya wannan don ya kai waya ƙauye? Jihar Kaduna dai ta yafe kuɗin gaba ɗaya a 2020, kuma ni a ganina hakan ya kamata kowace jihar arewa ta yi.

Bayan waya kuma sai ƙarfen sabis, wanda ke shan man dizal dare da rana, ga maigadi, ga ɓarayin batir. Ga kuma rashin tsaro, kun dai tuna a watan Satumban 2021 an rufe layuka a Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Tsarin da gwamnati ta yi na 2020 zuwa 2025 ya so intanet mai sauri ya kai ga kashi 70 cikin ɗari na jama'a, amma wajen kashi 50 aka tsaya. Yanzu ana maganar shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na faiba. Allah ya sa a gani a ƙasa.

Wasiƙa ta biyu wani ma'aikacin ƙaramar hukuma ne daga Jigawa ya aiko ta. Ya ce: "An ce za a haɗa sakatariyoyinmu da intanet. Me talaka zai ƙaru da shi?"

Ɗan'uwa, tambayarka ce ta fi tsaya mini a rai. Shirin da kake nufi shi ne wanda ministan sadarwa Bosun Tijani ya sanar a 2024, na haɗa sakatariyoyin ƙananan hukumomi 774 ta hannun NigComSat mai tauraron ɗan'adam da kuma Galaxy Backbone, dukkansu kamfanonin sadarwa na gwamnati. Amfaninsa ai kai ka fi ni sani. Yaron da ke neman takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma ba zai yi sawu uku ana ce masa fayil ya ɓata ba. Harajin kasuwa da na tasha, in da na'ura ake karɓa, abin da ya shiga shi za a gani a rubuce. Ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi da ta ga amai da gudawa sun ɓulla za ta sanar da hedikwata a ranar, ba sai ta jira motar ranar kasuwa ba. Wannan kaɗai rayuka ne.

Amma fa kawo na'ura shi ne mai sauƙin. Na taɓa shiga wata sakatariya, ba zan ambaci sunanta ba, na tarar da kwamfutoci sababbi fil a cikin kwalayensu, ƙura ta rufe su. Babu wuta, babu man janareto, kuma ba a koya wa kowa aiki da su ba. Abin ya yi mini ciwo, domin kuɗin jama'a ne. Gwamnatin tarayya za ta iya kafa faranti a kan rufi ta tafi abinta, amma sola da batir, da kuɗin data na wata-wata, da albashin saurayi ko budurwar da za su kula da kayan, wannan nauyin ciyaman ne da kansilolinsa. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ko da yake aiwatarwar na tafiyar hawainiya, jama'a na da hurumin tambayar ciyaman nawa ya ware wa wannan a kasafinsa. Kuma in intanet ya iso sakatariya, kada a kulle shi a ofishin mutum ɗaya. A ja shi zuwa makarantar sakandare da asibitin da ke kusa.

Ƙarin abu guda da ke hannunku: masu aikin titi da magudanar ruwa su ne ke yawan tsinka wayoyin da aka binne. A 2024 gwamnati ta sa kayan sadarwa cikin kadarorin ƙasa da doka ta ba kariya ta musamman, don haka kafin ɗan kwangila ya sa katafila, sashen ayyuka ya fara tambayar inda waya ta bi.

Ta ƙarshe daga wata baiwar Allah ce a Gombe. Ta ce ɗanta ya gama sakandare, wuni yake yi yana latsa waya, ina zai koyi abin da zai ci abinci da shi?

Hajiya, latsa waya daban, iya aiki da kwamfuta daban. Tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB, kuma yaran karkara da yawa a ɗakin jarrabawar suke fara taɓa ta. Ki sa shi ya fara daga tushe a shagon kwamfuta na unguwa: buga rubutu, aika imel, shirya lissafi a jadawali, cike fom. Da wannan kaɗai zai iya riƙe wa ƙungiyar manoma ko ɗan kasuwa lissafi. Daga nan sai ya nemi shirin 3MTT da aka buɗe a ƙarshen 2023 don horar da matasa miliyan uku. Kyauta ne, ta intanet ake nema, duk wanda ya ce ki ba shi kuɗi ya sama masa gurbi, ɗan damfara ne. Ki ja masa kunne kuma, kada ya bai wa kowa lambar sirrin banki ko lambar da aka turo masa ta tes. In kina da 'ya mace, Hajiya, su tafi tare.

A nan za mu dasa aya. Sauran wasiƙun da suka shafi tsadar data suna nan a ajiye, da su za mu buɗe filin mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.