Kun ajiye wa tsuntsaye ruwa sun ƙi sauka? Ku auna zurfinsa

Assalamu alaikum, jama'a, barkanmu da war haka. Tun da zafin bazara ya kankama, saƙo ɗaya ke ta yawo a WhatsApp da Facebook: a taimaka a ajiye wa tsuntsaye ruwa, sadaka ce. Masha Allah, an amsa kira. Sai dai kuma ƙorafi ya biyo baya. Wata baiwar Allah ta ce kwana goma ke nan da ta cika baho ta ajiye a tsakar gida, ko kurciya ɗaya ba ta leƙo ba, ƙadangaru ne kaɗai ke cin moriyarsa. To Hajiya, ba raina ruwan naki suka yi ba. Tsoron bahon suke ji.

Ku dubi wannan bokitin ruwan da na ajiye a gaban kyamara. Yanzu ku dubi wadda ta sauka a bakinsa. Ita ma sunanta baiwar Allah, 'yar jar tsuntsuwar nan da ke shigowa har gindin turmi tana tsintar gero. Tsawonta duka-duka wajen santimita 10 ne, har da wutsiya. Ƙafarta kuwa, ku kwatanta da tsinken ashana. Ga ta nan tana leƙawa, ta matsa, ta sake leƙawa... ta tashi. Ƙishirwa na cinta, amma abin da ta gani rijiya ce.

Nan ne kusan kowa ke kuskure, don haka nan zan daɗe. Ƙananan tsuntsayen gida ba agwagi ba ne, ba sa iyo. Wankansu a tsaye suke yi: ƙafa na taka ƙasa, ruwa ya tsaya iya ciki, su tsoma kai, su kaɗa fukafukai ruwan ya fantsama a bayansu. In ƙafar ba ta taɓa ƙasa ba, babu wanka. In kuma ruwan ya yi nisa da bakin mazubin, ko sha ba zai yiwu ba, sai tsuntsu ya sunkuya ya faɗa. Roba ga santsi, gefenta ga tsayi, fiffike ya jiƙe, ina hanyar fita? Ni kaina na taɓa wayar gari na tarar da gwara a mace cikin bokitin da na ajiye da niyyar lada. Ranar ko karin kumallo bai yi mini daɗi ba.

Ma'aunin yana hannunku, ba sai an nemo rula ba. Ku tsoma ɗan ali a tsakiyar ruwan. Gaɓa biyu, wato kamar santimita 5, shi ne iyaka. A gefe kuma kada ya kai ko gaɓa ɗaya. Abin da ake so shi ne gangare irin na bakin tafki, inda za ka fara taka laima, sannan idon sawu, sannan ƙwauri. Asisi da baiwar Allah su tsaya a gefe, kurciya ta shiga tsakiya, kowa ya sami daidai tsawon ƙafarsa.

Wane mazubi ne ke da wannan siffa? Ga shi nan, kasko. Wanda kakanninmu ke tuya a ciki. Na ƙasa ne, yana da kaushi, farce na kama shi, kuma yana ɗan tsatsafo da ruwa kamar randa, sai ruwan ya fi na roba sanyi. A ra'ayina babu abin da ya kai shi, duk da masu ƙyalƙyali da ake tallatawa a intanet. Babu kasko? Fasasshen tulu ma ya yi, ko murfin tukunya a juye, cikinsa na kallon sama, ko tsohon faranti.

In kuma baho ɗin ne kawai a gidan, kada a jefar. Ku ga yadda nake yi. Tsakuwa a ƙasa, sai duwatsu biyu ko uku masu faɗi, kawunansu a waje da ruwa, ɗaya a jingine ya zama tsani. Yanzu a sake auna yatsa. Gaɓa ɗaya da rabi. Shi ke nan, rijiya ta koma kududdufi.

Ku ɗan yi shiru mu kalli wannan kurciyar da ta sauka shan ruwa.

Kun lura da yadda kurciyar ke sha? Ta tsoma baki tana zuƙa, ba ta ɗago kai ba sai da ta ƙoshi. Kurciya da tattabara suna da wannan baiwa. Gwaran da ke kusa da ita kuwa sai ya ɗiba, ya ɗaga kai sama, ruwan ya gangara, kamar dai kaza. Kuma masu cin hatsi irinsu su za ku fi gani, domin busasshiyar ƙwaya ba ta da ruwan da ƙwaro ko 'ya'yan itace ke da shi. Ga shi tsuntsu ba ya gumi. In rana ta take a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40 a Sakkwato ko Maraɗi, buɗe baki yake yi yana haki, hakin nan kuma ruwan jikinsa yake kwashewa.

Sauran kuma a gurguje. Wuri: inuwa, gindin darbejiya ko mangwaro. Tsuntsun da ya jiƙe ba ya tashi da sauri, yana son reshe kusa inda zai zauna ya gyara gashinsa. Amma kada a manna kaskon da duhuwar da mage za ta laɓe, a ba da tazarar taku uku zuwa huɗu. In gidan akwai mage, ɗora shi kan tsohon turmi ko bulo. Ga tamu can tana kallon kyamara kamar ba da ita ake ba.

Kira: tsuntsu na jin ɗigar ruwa, yana hango motsinsa daga sama. Gorar roba, a huda ta da allura, a rataye a reshe tana ɗiga ɗis-ɗis cikin kaskon. Kyauta ne wannan.

Tsabta: a zubar a sake kullum, in an matsa bayan kwana biyu. Sauro na iya tashi daga ƙwai zuwa mai cizo cikin kusan mako guda in ana zafi, kada garin neman lada a gayyato zazzaɓin cizon sauro. A goge da soso da ruwa zalla, ban da omo. Masu kiwon kaji kuma, don Allah a raba musu mashaya. Tun 2006 da murar tsuntsaye ta ɓulla a wata gona a jihar Kaduna muka san haɗa kaji da tsuntsayen daji a kwano ɗaya ba wasa ba ne.

Sai haƙuri. Wani gidan kwana biyu, wani sai an yi mako biyu, kuma kada a yi ta sauya wa kaskon wuri. Da hantsi da bayan la'asar suka fi zuwa. Wannan hoton na rana ta shida ne a gidanmu: kurciya biyu, gwara, asisi can a kan dutse. Sai ga hankaka ya dira da guntun burodi a baki, ya jiƙa abinsa, ya dagula ruwan, ya yi gaba. Bari in je in sauya.