Wa ake tambaya kafin a tsara wa al'adunmu makoma?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Maganar yau in ka ji sunanta daga nesa sai ka ce ai wannan ta 'yan boko ce, wai manufar ƙasa kan al'adu da fasaha, amma ku ɗan tsaya tukuna, don wallahi ta shafi mai kalangun unguwarku, ta shafi yarinyar nan da take rubuta littafi a waya tana turawa a WhatsApp ana biyanta ɗari biyar ɗari biyar, ta shafi ɗan fim da marini da majemi, har da mai dokin da yake cin bashi duk shekara don kar a yi hawan sallah ba shi.

Bari mu fara daga Kofa. Kofa gari ne a ƙaramar hukumar Bebeji a kudancin jihar Kano, kuma a shekarar 2016 sunan garin nan ba inda bai shiga ba. Lokacin ne gwamnatin Buhari, ta hannun hukumar fina-finai ta ƙasa mai hedikwata a Jos, ta ce za ta gina katafaren dandalin shirya fina-finai a wajen, wanda kowa ya fi sani da fim bilej, a kan kuɗi naira biliyan 3, fili kuma hekta 20. Aka ce za a yi makarantar koyon aikin fim, da ɗakunan ɗauka, da babban ɗakin taro, da masaukin ɗalibai, da kantuna, da otal. To wannan otal ɗin fa, ana ambatarsa magana ta sauya salo. Malamai suka hau mumbari ranar Juma'a, gidajen rediyon Kano suka ɗau zafi, Facebook kuwa ba a magana, wasu na cewa matattarar baɗala za a kawo mana, wasu na cewa ina laifin a zuba kuɗin a noma da ruwan sha da makarantu, su kuma 'yan Kannywood na cewa aikin yi ne ga dubban matasa kuma in akwai waje guda da ake aiki ai an fi samun sauƙin sa ido. Ba a jima ba sai ga sanarwa daga ɓangaren fadar shugaban ƙasa cewa an ji koken jama'a, an fasa. Ta leƙo ta koma kenan.

Ni ba na kawo wannan ba ne don in ce malamai ne da gaskiya ko 'yan fim, kowa na da nasa ra'ayin kuma na san har yau in aka tayar da zancen a majalisa sai an yi baram-baram. Abin da nake so ku lura da shi shi ne lokacin da aka yi muhawarar. Sai da aka gama zane, aka ware fili, aka faɗi kuɗi, sannan mutanen gari suka ji. Duk wannan zazzafar muhawara da aka yi ta 'yan makonni, da a ce shekara guda kafin nan aka yi ta a zaune, da malaman da 'yan fim ɗin da masarauta da iyaye, mai yiwuwa da an cire abin da ba a so an bar makarantar. Amma aka yi ta bayan hari, sai ya zama zaɓi biyu kawai ya rage, ko a yi duka ko a fasa duka. Bahaushe dai ya ce da ɗan gari kan ci gari.

To wai mece ce ma ita manufar al'adun? A taƙaice takarda ce da gwamnati take rubuta matsayinta, me za ta adana, me za ta tallafa wa, wa zai riƙe me, kuɗin kuma daga ina. Tamu ta Najeriya an ƙaddamar da ita ne a 1988 zamanin Janar Babangida, kuma hanyoyi huɗu ta zayyana, adana al'adu, bunƙasa su, nuna su ga duniya, sai kafa hukumomi da samar musu da kuɗi. A takarda kam ba laifi. Amma ku tuna 1988 fa, lokacin ba Kannywood, don fim ɗin Hausa na kaset sai wajen 1990 ya soma, ba wayar salula, ba YouTube, ba TikTok, wanda aka haifa a shekarar yanzu ya doshi arba'in yana aurar da ƙanne. Da wannan takarda aka yi ta tafiya, an sha kafa kwamiti a yi bita a ajiye a durowa, sai a 2025 ma'aikatar ta fito ta ce tana kammala sabon daftari bayan shekara 37.

Shi ma kundin tsarin mulki na 1999 ya yi magana, sashe na 21 ya ce wajibin hukuma ne ta kare al'adun Najeriya ta bunƙasa su. Sai dai akwai wani ɗan tarko a nan wanda lauyoyi suka sani, wannan sashe yana cikin babi na biyu ne, wanda shi kundin da kansa ya ce ba za ka iya kai gwamnati kotu don ta gaza cika abin da ke cikinsa ba. Wato alkawari ne irin na in Allah ya hore.

Kuma kar a ce ba a taɓa kashe kuɗi a harkar ba, an kashe, sosai ma. Iyayenmu na ba da labarin FESTAC 77, bikin al'adun baƙaƙen fata na duniya da aka yi daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu 1977, lokacin kuɗin man fetur na zuba kamar ruwan Agusta. A Legas aka yi yawancinsa, amma gagarumin hawan daba a Kaduna aka yi shi, sarakunan Arewa suka zo da dawakai da raƙuma, har otal guda aka gina saboda baƙi, Durbar Hotel. Otal ɗin nan ya yi shekaru a kulle ana shari'a a kansa, a 2020 aka rushe shi. Babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Iganmu a Legas shi ma sai da ya lalace, rufi na yoyo, kafin bankuna su haɗa kuɗi su gyara, a 2024 aka sa masa sunan Wole Soyinka. Mun iya biki, wannan ba gardama, abin da ke biyo bayan biki ne dai muke barin sa a rana.

Yanzu bari in kai ku wani irin taro da na taɓa halarta, ba sai na faɗi otal ɗin ko waɗanda suka shirya ba, don duk kusan kamanninsu ɗaya. Taron masu ruwa da tsaki ake ce masa. Kana shiga za a miƙo maka jaka da biro da ɗan littafi, sanyin na'ura na busawa, manyan baƙi a saman tebur. Aka kira wasu makaɗa da 'yan rawa, suka shigo da kalangu da ganga suka cashe na minti goma, aka tafa, aka yi hoto, wani babba ya ɗan yi musu liƙi. Ana cewa za a fara gabatar da takardu sai wani jami'i ya yafuto su da hannu, suka tattara kayansu suka fita, na leƙa daga baya na gan su zaune a gindin bishiya wajen ajiye motoci suna jiran a sallame su. A ciki kuwa awa huɗu ana turanci a kan yadda za a inganta rayuwar masu fasahar gargajiya. Ba wanda ya ce a kira ɗaya daga cikinsu a tambaye shi nawa yake samu a wata, ko ɗansa ya yarda ya gaji sana'ar, ko in ya kwanta ciwo wa yake biya masa magani. Da la'asar aka karanta sanarwar bayan taro, aka sa hannu a takardar alawus, kowa ya kama gabansa.

Wannan shi ne abin da ni a ganina ya fi komai ci mana tuwo a ƙwarya. Harshen da ake muhawarar da shi da wajen da ake yin ta sun riga sun tace waɗanda za su yi magana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma mai ɗakin yana waje.

Ku je marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda a jikin ƙofarta an rubuta 1498. Za ka tarar da dattijo zaune a bakin rami, hannunsa sanye da safar roba, yana tsoma ƙyalle cikin ruwan baba da toka, ya ɗaga ya bar iska ta buge shi ya sake tsomawa, haka zai yi ta yi har launin ya kama yadda yake so, can gefe kuma masu bugu na ta dukan shadda a kan gungume har ta yi ƙyalli. Ramukan sun fi ɗari amma waɗanda ake aiki da su ba su da yawa, sauran ƙasa da shara sun cike su. In ka zauna da su matsalarsu ba ɓoyayya ba ce, atamfa da shadda masu arha na shigowa daga waje, baƙi 'yan yawon buɗe ido sun ragu tun lokacin da tsaro ya taɓarɓare, yara kuma sun gwammace su ja adaidaita. Ka ga a nan maganar al'ada ta zama maganar kwastam da haraji da tsaro da jari, abubuwan da ma'aikatar al'adu ita kaɗai ba ta da iko a kansu.

Ga kuma hawan sallah. A watan Disamba 2024 hukumar UNESCO, a zamanta na birnin Asunshon a Paraguwai, ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ke alfahari da su, kamar yadda ta sa bikin kamun kifi na Argungu a 2016. Aka yi ta murna, kuma ya cancanta. Amma abin mamaki a babbar sallar wannan shekarar ta 2024 da kuma a 2025 'yan sanda sun hana hawan saboda rikicin sarauta, ba Hawan Daushe, ba Hawan Nassarawa. Ku lissafa wa ya yi asara, mai ɗinka kayan doki, mai sirdi da linzami, masu algaita da kakaki, mai hayar doki, mai hoto, har mai sayar da ruwa da zoɓo a Ƙofar Kudu. Shi ma Argungun da aka faro tun 1934 sai da ya yi kusan shekara goma ba a shiga kogin Matan Fada da homa da gora ba, sai a 2020 aka dawo. Takardar shaida daga waje tana da daɗi, amma ba ta ciyar da doki.

Ɓangaren da gwamnati ta fi nuna ƙarfi a nan Arewa kuwa shi ne tacewa. Hukumar tace fina-finai da ɗab'i ta jihar Kano tun 2001 take, bayan ƙaddamar da shari'a, ga kuma ta tarayya da aka kafa a 1993, wato ɗan fim a Kano iyayen gida biyu gare shi. An ga zamanin kame da ɗauri bayan 2007, an ga lokacin da aka ƙona littattafan soyayya, a 2023 kuma ɗan fim ne da kansa, Abba El-Mustapha, aka ba riƙon hukumar, kuma a 2025 ta dakatar da fina-finai masu dogon zango guda 22 kan rashin kai su tacewa. Mutane da yawa na goyon bayan a tace, iyaye musamman, kuma ba za ka ce ba su da hujja ba in ka ga abin da ke yawo a waya. Tambayar da 'yan masana'antar suke yi ita ce, to bayan sanda ina ɗan abin hasafi? Lokacin da kasuwar fina-finai ta Ƙofar Wambai ta mutu, 'yan dawunlodin suka koma tura fim a waya da kuɗin da bai kai na ƙosai ba, furodusoshi suka karye, wa ya tsaya musu? Da kansu suka lallaɓa suka koma YouTube da tashoshin talabijin irin su Arewa24.

A sama kuma an sauya tsari. A 2023 Shugaba Tinubu ya cire al'adu daga ƙarƙashin ma'aikatar yaɗa labarai ya yi mata ma'aikata tata, ya ba Hannatu Musa Musawa 'yar jihar Katsina, a 2024 aka haɗa mata da yawon buɗe ido. Yaren ma ya sauya, yanzu ba a cika cewa adana gado ba, tattalin arzikin ƙirƙira ake cewa, har da burin harkar ta kawo dala biliyan 100 zuwa 2030, da asusun tallafi da ake nema ta intanet. Madalla, kuɗi ai abin so ne. Sai dai in ma'aunin ya zama me ka kawo na dala, mawaƙin Legas da ke cika filin wasa a Landan zai haye, shi kuwa mai gurmi da mai kukuma da tsohuwar da ta haddace waƙoƙin niƙa da na daɓe da tatsuniyoyi fa, a wane layi za su tsaya? Fom ɗin da turanci yake, yana neman rajistar kamfani da bayanan banki da tsarin kasuwanci, mutumin da ko imel ba shi da shi.

Kuma tattaunawar nan ba sai an je Abuja ba. Kowace jiha tana da hukumar tarihi da al'adu ko ma'aikatar da ke riƙe da su, ta Kano tana Gidan Ɗan Hausa, majalisun dokoki na jiha suna zaman jin ra'ayin jama'a kafin su yi doka ko kasafi, ƙungiyoyi irin su MOPPAN ta 'yan fim da ƙungiyar marubuta ta ANA suna da kujera in sun nema, sarakunan sana'a kuma, Sarkin Makaɗa, Sarkin Marina, Sarkin Ƙira, har yau suna nan a fada kuma sun san mutanensu ɗaya bayan ɗaya. Ga rediyo, wanda a ƙasar Hausa ba taron otal ɗin da zai kai shi jama'a. Da za a fassara sabon daftarin nan zuwa Hausa a karanta shi sashe-sashe a Freedom ko Rediyon Tarayya na Kaduna a buɗe layin waya, cikin mako guda za a ji abin da kwamiti bai ji ba a shekara.

A bidiyo na gaba za mu shiga dokar haƙƙin mallaka da Buhari ya sa wa hannu a watan Maris 2023, wadda ta maye gurbin ta 1988, mu ga me ta ce game da wanda ya ɗauki waƙar marigayin makaɗi ya sa mata sabon kiɗa ya ɗora a YouTube yana karɓar kuɗi, iyalan mamacin kuma suna ƙauye ba su ma san an yi ba. Sai mun haɗu, a gaida gida.