Ƙarfin Ƙafa da Sauri a Horon Manyan 'Yan Wasan Sukwash

Assalamu alaikum. Masu horarwa da 'yan wasa, barkanmu da warhaka.

Filin sukwash, wasan da ake buga ƙaramin ƙwallo a bango da raket, ɗaki ne mai tsawon mita 9.75 da faɗin mita 6.4, saboda haka babu wanda zai samu sararin kai wa ƙarshen gudunsa a cikinsa. Daga tsakiyar fili, inda layuka suka haɗu suka yi siffar harafin T, taku biyu ko uku ke kai mutum kowace kusurwa. Ashe ke nan saurin da ake nema shi ne na zabura, da taka birki a kan ƙafa ɗaya, da komowa tsakiya kafin abokin karawa ya buga.

A da, juriya aka fi bai wa muhimmanci. Jahangir Khan na Pakistan, wanda ba a doke shi ba tsakanin 1981 da 1986, doguwar tsere yake yi da safe kafin ya shiga fili, kuma a 1983 ya shafe awa 2 da minti 46 yana karawa da Gamal Awad na Masar. A wancan zamani mai sabis, wato wanda ya yi bugun farko, shi kaɗai ke cin maki. Yanzu kowane bugu da aka ci maki ne, ana tashi a 11, an kuma rage tsayin ƙarfen da ke gindin bangon gaba, wanda dole ƙwallo ya daki bango a samansa, daga inci 19 zuwa 17 a wasannin ƙwararru, don haka ƙwallo ya yawaita mutuwa a kusurwoyin gaba.

Ku kalli ɗan wasa idan ya kai kusurwar nan. Yakan jefa ƙafa ɗaya gaba, diddige ya fara taɓa ƙasa, gwiwa ta lanƙwashe, nauyin jiki duka ya sauka a cinya da ƙugu, yana kuma son hannunsa ya natsu ya buga. Wannan saukar ake ginawa a ɗakin motsa jiki. Ana ɗaga ƙarfe mai nauyi sau kaɗan, ana tsugunawa da ƙafa ɗaya a sauka a hankali, sannan a yi tsalle a dira cak ba tare da gwiwa ta karkata ciki ba. Dole ne a yi wa ƙafafu biyun adalci, domin kowa yana da wadda ya fi son jefawa. Jijiyar bayan cinya kuwa, ina roƙonku kada ku yi wasa da ita, don ita ta yi ta wahalar da Ramy Ashour, wanda ya zama zakaran duniya sau uku, har raunuka suka sa ya yi ritaya a 2019.

Sai atisayen da ake yi babu ƙwallo, inda ɗan wasa ke zagaya kusurwoyi da raket a hannu kamar ana wasa. A nan masu horarwa da yawa ke kuskure, suna barinsa sai ƙarshen horo, bayan yaro ya galabaita. Wanda ya gaji juriya yake koya, takunsa kuma lalacewa yake yi. Idan sauri ake so, a yi shi da farko, na daƙiƙa goma zuwa sha biyar, a huta sosai, a tsaya da zarar taku ya fara nauyi. Na juriya a ware masa ranarsa daban, shi kuma ƙarfe mai nauyi a fi yinsa lokacin hutun gasa, a rage shi idan gasa ta matso.